Gem ya maƙale, an bar jaki ana dukan taiki

Wajen ƙarfe goma na dare ne, mu huɗu muna cikin wasa: ni a Kano, ƙanena a Zariya inda yake karatu, ɗan kawunmu a Maraɗi, sai wani abokinmu da ke aiki a Jidda. Irin gem ɗin nan ne da ba a faɗa da juna, haɗa kai ake yi a ci gari tare, in ɗaya ya faɗi sauran su ɗaga shi. Mun kwashe kusan minti arba'in muna fafatawa, saura ƙiris mu gama, sai aka kayar da ƙanena, kuma ni ne kusa da shi. Na danna, na sake dannawa. Mutumin nawa na cikin allo ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, can sai ya yi wani zillo ya koma inda yake tun ɗazu. Kafin allon ya dawo daidai an gama da mu kaf.

"Haba Yaya, barci kake yi ne?" in ji ƙanena.

"Wallahi na danna. Sabis ne."

"Kullum sabis. Ka canza rawutar nan taka mana, tun zamanin iyaye da kakanni."

Na Maraɗi yana ta dariya, na Jidda kuwa cewa ya yi shi dai a wajensa komai lafiya lau, lambar da ke nuna saurin layinsa kore shar.

Na ji haushi, don haka washegari na zauna na bi duk shawarwarin da ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya. Na kashe rawuta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, na kunna. Na matso da ita falo. Na sayo wayar kebul na jona ta kai tsaye da na'urar wasan. Na shiga cikin saitinta na buɗe ƙofofin da aka ce a buɗe, na canza lambobin DNS, masu nemo adireshin shafuka a intanet, na goge gem ɗin na sake sauke shi, wanda shi kaɗai ya lashe mini datar da nake yin mako biyu da ita. Daga baya har sabuwar rawutar na saya, don in huta da gorin yaro. Da dare ya yi muka shiga, ƙarfe tara da rabi na bugawa mutumina ya sake sandarewa a tsakiyar fili.

Abin da na fahimta tun daga lokacin, kuma shi nake so in faɗa a nan, shi ne yawancin shawarwarin gyaran haɗin gem an rubuta su ne don mutumin da matsalarsa ke cikin falonsa. Mutumin da wayar intanet ta shigo har ɗakinsa, wuta ba ta ɗaukewa, kuma kwamfutar da ke riƙe da wasan tana garin da ke maƙwabtaka da nasa. Mu kuwa kaso mafi tsoka na matsalarmu yana waje, a bakin titi da ƙarƙashin teku da ofisoshin da ba mu taɓa shiga ba. Matuƙar ba mu rarrabe tsakanin abin da ke hannunmu da wanda ba ya hannunmu ba, za mu ci gaba da ɓarnar kuɗi muna zagin juna, waɗanda ya kamata a tuhuma kuma suna gefe hankalinsu kwance.

Farkon ruɗanin yana cikin abin da ake sayar mana. Duk tallar da za ka gani, maganar yawan data ce da gudun saukewa, giga kaza, mega kaza a daƙiƙa. Gem bai damu da wannan sosai ba. Abin da yake aikawa ɗan mitsitsi ne: na matsa dama, na yi harbi, na tsuguna. Abin da yake buƙata shi ne saƙon ya je ya dawo da wuri, kuma kowane lokaci cikin tsawon lokaci iri ɗaya. Wannan zuwa da dawowar ita ce 'yan gem ke kira fin, ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Tirela tana ɗaukar buhu ɗari shida, amma in magani za ka aika asibiti cikin gaggawa ɗan acaɓa za ka nema. Shi ya sa za ka ga mutum yana kallon bidiyo tas babu tsayawa, ya shiga gem ya kasa taka ƙafa. Bidiyo yana tara abin da zai nuna tun kafin a kai wajen, shi kuwa gem ba shi da abin tarawa, domin abin da abokinka zai yi nan da daƙiƙa ɗaya shi kansa bai san shi ba tukuna.

To ita wannan tafiya, akwai iyakar da babu kuɗin da zai rage ta. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, ma'ana kowane kilomita 100 yana cin milisakan ɗaya zuwa da dawowa. Daga Kano zuwa Legas, inda manyan wayoyin teku suke sauka, kusan kilomita 1,000 ne, goma ke nan. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tana da tsawon kusan kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, saba'in ke nan. Daga can kuma sai a ƙarasa Landan ko Farankfot, inda kamfanonin wasanni da yawa suke ajiye uwar garkensu ta nahiyar Turai, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan. Ka tara ka gani, ka doshi ɗari tun ba a lissafa tsalle daga wayarka zuwa ƙarfen sabis ba, tun ba a lissafa layin da saƙon zai bi a kowace mahaɗa ba. Yaron da ke zaune a Jamus yana wasa da goma sha biyar ko ashirin. Ku biyu kuna ganin dodo ɗaya, amma shi ya riga ka ganinsa, kuma ko rawutar zinare ka saya haka abin zai zauna.

Wani zai ce ai akwai Afirka ta Kudu. Gaskiya ne, Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na uwar garke a Johanasbag da Kef Tawun a 2019, Amazon ya bi sahu a Kef Tawun a 2020, kuma wasu wasannin suna da uwar garke a can. Sai dai wanda ya rubuta "Afirka" a jerin zaɓi ya ɗauka ya gama da mu bai duba taswira ba. Daga nan zuwa can ma dubban kilomitoci ne. Ɗan kawuna na Maraɗi kuwa nasa ya fi nawa, domin Nijar ba ta da gaɓar teku, dole saƙonsa ya ratsa ƙasashen maƙwabta irin su Benin ko Najeriya kafin ya ga ruwa. Abin dariya, tsakanina da shi tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota ta Katsina da Jibiya, amma harbin da na yi zai iya zuwa Turai ya dawo kafin ya gan shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba ga wasannin haɗin gwiwa. Da yawansu ba sa ma amfani da uwar garken kamfani wajen gudanar da wasan. Ɗaya daga cikinku ne yake zama mai masauki, na'urarsa ce ke riƙe da duniyar, sauran su shigo wajensa. A nan ne ake cin karo da abin nan da ake kira NAT, wanda masu PlayStation ke gani a matsayin nau'i na 1 ko 2 ko 3, masu Xbox kuma su ga an ce musu a buɗe yake, ko tsaka-tsaki, ko a tsuke. Ka ɗauki gidanku mai ɗakuna goma amma lamba ɗaya ce a ƙofa, da mai gadi a zaure. In ɗan gida ya aiki yaro waje, mai gadi ya san shi, in ya dawo da amsa zai bar shi ya wuce. Amma baƙon da ya zo haka kawai ya yi sallama, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya ce babu kowa. Abokinka da ke son shiga wasanka shi ne wannan baƙon. Shawarar nan ta buɗe ƙofa a rawuta, ma'anarta ka gaya wa mai gadi duk wanda ya zo da alama kaza a kai shi ɗaki na uku.

Shawara ce mai kyau, in zauren ɗaya ne. Mu da muke hawa intanet da layin waya, ko a MiFi ko a rawuta mai cin sim, galibi zaure biyu ne a gabanmu. Lambobin adireshin intanet na tsohon tsarin nan da ake kira IPv4 ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kamfanonin waya suke tara ɗimbin masu layi a bayan lamba guda, su kafa nasu mai gadin a can waje. Ka buɗe duk ƙofofin gidanka har da tagogi, mabuɗin zauren waje yana hannun kamfani. Na kwana biyu ina wahala da wannan kafin in gane. Hanyar ganewa ba wuya: shiga shafin rawutarka ka duba lambar da kamfani ya ba ta, sannan ka tambayi intanet lambar da duniya take ganinka da ita. In sun bambanta, musamman in ta rawutar ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to ka daina ɓata darenka. In ku biyu duk haka kuke, ko dai ku kasa haɗuwa sam, ko gem ɗin ya bi da ku ta wata tashar tsakani mai nisa, ku haɗu amma kamar masu magana ta rijiya.

Ba ina cewa babu abin da ke hannunmu ba ne, kada wani ya fake da ni ya ƙi gyara nasa. Akwai, kuma ya kamata mutum ya fara da shi don ya san inda laifinsa ya tsaya. Katangar siminti tana cinye Wi-Fi, rawuta a ɗaki kai a tsakar gida ba za ku shirya ba. In na'urarka tana karɓar zangon 5 GHz kuma kana kusa, ya fi na 2.4 da kowa ya cunkushe a kai, jona wayar kebul kuwa ya fi su duka. Sannan akwai 'yan gida. Wata rana ina kallon lambata tana tashi daga ɗari da ɗan wani abu zuwa ɗari bakwai tana sauka, na rasa dalili, ashe ƙanwata ce a ɗaki take tura bidiyon biki ga ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Hanyar fita ta sama ƙarama ce, in bidiyo ya cika ta, ɗan saƙonka sai ya bi layi a bayansa. Da na roƙe ta ta dakata, nan take lambar ta kwanta. Masu wasa a wayar hannu kuma su lura da zafi. A watan Afrilu a Kano, waya tana caji kana wasa, za ta ɗau zafi har ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, hoto ya riƙa sarƙewa, kai kuma kana tsine wa sabis alhali ba ruwansa. In lambar fin tana nan daram amma hoto yana tsinkewa, cire rigar wayar ka zauna gaban fanka.

Waɗannan duka aikin minti talatin ne. In ka gama su abin bai canza ba, kuma ka lura kullum tsakanin takwas da sha ɗaya na dare yake ɓaci, da asuba kuma ya yi kyau, to ƙarfen sabis ɗin unguwarku ne ya cika, kowa ya dawo gida ya hau. Wannan ba ka da maganinsa sai dai ka gwada wani layin.

A daidai wannan gaɓar ce 'yan kasuwa suke shigowa, da manhajojin da suke alkawarin rage fin da danna maɓalli ɗaya. Na ga yara a shagon gem suna biyan kuɗin wata-wata saboda su. Gaskiyar magana, irin waɗannan hanya kawai suke canza wa saƙonka. In kamfaninka yana bin wata karkatacciyar hanya, wani lokacin a dace a samu sauƙi kaɗan, kuma wasu suna taimakawa wajen tsallake zauren nan na biyu. Amma ba su rage nisan Legas da Fotugal da taku ɗaya ba, na kyautar cikinsu kuwa sau da yawa gyaran gangar auzinawa ne, ka shiga da ɗari da hamsin ka fito da ɗari uku, ga tallace-tallace, ga bayananka da ka miƙa wa wanda ba ka sani ba.

Sauran kuwa duk a waje suke. Wayar gilashin da ke bin gefen titi, mai aikin hanya ya zo da katafila ya tsinke ta, ko ɓarawo ya haƙa yana zaton tagulla ce. Ƙarfen sabis da ke rayuwa a kan dizal. Wanda ya zauna a Arewa a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna aka shafe kwanaki cikin duhu, ya san yadda sabis ya riƙa yi. Sai kuma ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, a farkon azumi, da wayoyin teku huɗu suka lalace a lokaci guda daura da gaɓar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da ACE da SAT-3. A ranar ba 'yan gem kaɗai suka ji a jikinsu ba. Manhajojin banki suka riƙa juyawa, mutane suka yi cirko-cirko gaban masu POS ana jiran kuɗin cefanen buɗa-baki.

Na kawo wannan ranar ne saboda na san abin da wani dattijo zai ce, kuma an sha faɗa mini: ana fama da tsadar masara kai kana kukan wasan yara. Ban ƙi ba, kuma ba zan kare wanda ya raba dare yana gem ya makara sallar asuba ba, wannan tsakaninsa da iyayensa ne. Amma ɗan gem shi ne mutum na farko da yake jin ciwon layi, domin shi kaɗai ne yake zaune da ma'auni a kusurwar allonsa yana kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa. Abin da ke sandarar da mutumina a fili shi ne yake yanke muryar uwa in tana magana da ɗanta da ke Saudiyya, shi ne yake sa ɗalibi ya rasa rabin bayanin malami a darasin bidiyo, shi ne yake sa matashin da ya samu aiki da kamfanin waje daga ɗakinsa a Gusau ya ji kunya a tsakiyar taro. Su waɗannan sai su ce yau sabis ba kyau su haƙura. Ɗan gem zai iya gaya maka ƙarfe nawa ya fara, lamba nawa ya kai, da kashi nawa na saƙo ya ɓata a hanya.

Saboda haka ina ganin akwai abubuwan da ya dace mu riƙa nema da babbar murya. Tunda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba rashin kunya ba ne mu ce a riƙa gaya mana abin da muke saye. A riƙa buga jinkirin kowane kamfani da yawan saƙon da yake zubarwa, gari-gari, kuma na ƙarfe tara na dare, ba na tsakar rana da kowa ke kasuwa ba. A kuma tilasta wa kamfanoni su ba masu layi IPv6, sabon tsarin da lambobinsa suka ishi kowace na'ura ta samu tata. Ba sabon abu ba ne, ya haura shekara ashirin, kuma shi ne zai rushe zauren nan na biyu ga duk wasan da ya san shi.

Gwamnoninmu ma suna da nasu kason, duk da ba a cika kallon wajensu ba. Kuɗin izinin haƙa ramin waya a hannun jihohi yake. An yi matsaya a kan Naira 145 kowace mita, a 2020 Ekiti ta sauko zuwa hakan, Kaduna ta yafe gaba ɗaya. Jihar da ta mayar da wannan izini saniyar tatsa, ta sani da hannunta take korar wayar daga ƙauyukanta. Gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa a 2024, ta kuma yi shelar shimfiɗa kilomita 90,000 na wayar gilashi. Madalla. Ni dai ranar da na ji an ci tarar ɗan kwangilar da ya tsinke waya, an sa shi ya biya gyara, ranar zan yarda takardar ta fara aiki. Haka nan cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda aka kafa tun 2006, tana da reshe a Kano. Amfaninta shi ne saƙon da ya tashi daga Fagge zuwa Tarauni kada ya je Legas yawon buɗe ido don kawai layukan biyu ba na kamfani ɗaya ba ne. Sai kamfanonin sun haɗu a nan ɗin da gaske kafin mu gani a allo.

Su ma masu yin wasannin ba zan wanke su ba. A Mayun 2024 Sony ya ce dole masu buga gem ɗin Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, sai duniya ta farga cewa akwai ƙasashe da yankuna sama da 170 da ba a buɗe wannan asusun a cikinsu a hukumance, har da Najeriya. Hayaniya ta yi yawa, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye sharaɗin. Mu nan mun daɗe da sanin wannan, kusan duk mai PlayStation a Kano a takarda mazaunin Amurka ne ko Ingila. To kamfanin da a rajistarsa babu ɗan wasa ko ɗaya a ƙasarka, me zai sa ya kawo maka uwar garke kusa? Mu ma da muke cika adireshin bogi muna taimakawa wajen ɓoye yawanmu, sai dai ba mu da wata ƙofar.

Akwai masu cewa Starlink, intanet ɗin da ke saukowa daga tauraron ɗan adam, ya raba gardama, tunda ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Taurarinsa suna kusa, kimanin kilomita 550 sama, ba kamar tsofaffin da ke nisan kusan 36,000 ba, kuma babu ruwansa da katafilar ɗan kwangila. Amma kuɗin kwanon da na wata ba na ɗalibi ba ne, yana son wuta tsayayya, in hadarin damina ya haɗu yakan yi tangal-tangal, kuma a tsarinsa na gida shi ma a bayan lamba ɗaya yake tara mutane. Mai shagon gem da ke da yara ashirin zai iya fitar da kuɗinsa. Ƙanena a ɗakin kwanan ɗalibai ba zai iya ba.

Mu dai abin da muka yi a ƙarshe ba wani abin a zo a gani ba ne. Muka mayar da na Jidda mai masauki na dindindin, tunda shi ne mai waya har ɗaki kuma zaurensa ɗaya, muka bar daren mako muka koma safiyar Asabar bayan an karya, lokacin da unguwa ba ta gama tashi ba. Lambata takan zauna wajen ɗari da sittin, in riƙa danna komai ɗan lokaci kafin ya kamata, kamar mai jifan tsuntsu yana tashi. Sabuwar rawutar tana nan a falo, tsohuwar kuma na ba ƙanena da ya zo hutu. Makon da ya koma Zariya da ita muka shiga, aka kayar da ni, shi ne kusa, sai na ga mutuminsa ya tsaya ƙiƙam a kaina.

"Yaya, wallahi na danna," in ji shi.